Ajin da Ya Ƙi Wuce Baffansa

Cikin duk ranakun da na yi ina riƙe da alli, akwai wata Alhamis da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da Baturen makaranta ya zauna a ajina yana tsotsar lofe, ni kuwa ina tsaye jikin allo ina tunanin ko aikina zai kai la'asar. Kafin in zo kanta sai na bayyana muku yadda makaranta take a wancan zamani, don ku malaman yanzu da kuka tarar da benci da tebur ba za ku gane abin dariyar ba, balle abin kukan.

A lokacin Turawa ba su fi shekara ashirin da 'yan kai da shiga Sakkwato ba. Dattawan da suka ga zuwansu suna nan da ransu, boko kuwa ba shi da farin jini ko kaɗan. Makarantarmu ta elementare 'yan ɗakuna ce na ƙasa a cikin gari, in ka fito ƙofa kana hango masu ziyara suna wucewa Hubbare. Yara a tabarma suke zama layi-layi, kowa da ƙaramin allonsa na baƙin dutse. Ni ne ƙaramin malami, aka ba ni aji na biyu. Sama da ni akwai hedimasta, Malam Ladan, sama da shi kuma Baturen makaranta mai zagayawa yana duba aiki, wanda muke kira Mai Lofe don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofe ba. Sabon malami shekarar gwaji yake yi. In Bature ya zo ya ga yara sun koyi abin kirki, En'e, wato hukumar gargajiya, ta tabbatar da kai a aiki. In bai gani ba, a sallame ka ba tare da doguwar magana ba. Ni kuwa sallama tana nufin komawa rumfar mahaifina a kasuwa ina awon gero, ga shi tun farko ya gaya mini bokon nan ba inda zai kai ni. Ba awon geron nake ƙi ba, kallon da zai yi mini nake tsoro.

Makonmu daga Asabar yake farawa. Da safe a yi atisaye a fili, a shiga aji a yi karatun addini, sannan karatu da rubutu da lissafi, wata rana a taɓa labarin ƙasa. Ran Alhamis ba a sabon darasi, gwajin mako ake yi a kan abin da aka koya. Malami ya faɗi tambaya, yara su rubuta amsa a allo su ɗaga, ya ba kowa maki. Juma'a hutu. In an dawo ran Asabar sai a sake zama bisa maki, wanda ya fi kowa ya zauna a layin gaba hannun dama, haka har zuwa na ƙarshe jikin bango. Dabarar Mai Lofe ce, yana ji da ita ƙwarai. A cewarsa yaro ba ya son a bar shi a baya, saboda haka kowa zai dage ya wuce ɗan'uwansa. Mai yiwuwa a garinsu haka yara suke.

Yaran ajina yawancinsu daga wani babban gidan malamai suka fito, ko dai jikokin gidan ko 'ya'yan 'yan kasuwa da dukawan da iyayensu ke ɗaukar karatu a zauren. Ranar farko da na ce su zauna, sai na ga sun tsaya cirko-cirko har wani ɗan siriri mai manyan kunnuwa ya tako ya zauna a layin gaba hannun dama, sannan sauran suka zazzauna. Sunansa Haliru, bai fi shekara tara ba. Na ce a raina yaran nan akwai hankali, sun bar wa ƙarami gaba don ya ga allo.

Haliru yaro ne mai daɗin sha'ani, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, yana gaishe ka cikin natsuwa irin ta dattawa. Sai dai shi da lissafi ba sa ga maciji. A bayansa kuwa akwai wani dogo, Sambo, wanda gashin baki ya fara tsiro masa, kansa kamar wuta. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya riga ya san amsa. Akwai kuma Altine, ɗan wani baduku, shi ma ba baya ba. Daga Asabar zuwa Laraba ajin nan sai son barka, har nakan fito ina taƙama a gaban sauran malamai.

Alhamis ta farko na ce su rubuta uku sau huɗu. Aka ɗaga alluna, sai na ga goma sha huɗu tun daga layin gaba har bango. Na duba allon Sambo, goma sha huɗu, da kyakkyawan rubutu kuma. Tambaya ta biyu ma haka, kuskure ɗaya sak a allon kowa. Na lura in na faɗi tambaya ba wanda ke taɓa allonsa sai Haliru ya gama, sannan na bayansa ya leƙa, na bayan wancan ya leƙa nasa, amsa ta yi ta tafiya har jikin bango. Satar amsa na san ta, mu ma mun yi a zamaninmu. Amma ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsallake gidan attajiri ya fasa na matsiyaci ba sai a ajina.

Mako na gaba na warwatsa su yadda ba mai ganin allon wani. Sai duk suka ɗaga alluna babu komai, ban da Haliru da ya rubuta abin da Allah ya hore masa, ya ci ɗaya cikin tambayoyin, ya zo na farko. Na koma gwajin baka. In na tambayi Haliru ya kasa, na matsa ga na kusa, sai ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba, haka har ƙarshen aji. Na ce to bari in faro daga baya. Na nuna Sambo, sai ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a hwara da Baffa."

Na kai ƙara wurin hedimasta. Malam Ladan ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, sannan ya warware mini zare da abawa. Ashe Haliru shi ne autan marigayi babban malamin gidan, an haife shi tsohon yana gab da barin duniya, aka kuma mayar masa da sunan kakan gidan. Yayyensa duk masu furfura ne. Uban Sambo wansa ne, don haka Haliru baffan Sambo ne, baffan kusan rabin ajin ne, sauran kuwa ɗan malamin iyayensu ne. A gida ba mai sa hannu a akushi kafin shi, ba mai shiga gabansa a hanya. To ga shi na zo da dokar da ke cewa wanda ya fi maki ya zauna a gabansa, ya juya masa ƙeya. Na roƙi hedimasta ya sa baki. Ya ce shi kansa a zauren nan ya yi karatu, in ya je gidan sai ya rage tsawo ya gaida Haliru, don haka kada in jefa shi cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ƙara da cewa an aiko Mai Lofe zai zo bayan kaka, in san inda dare ya yi mini.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Yaro ne ni lokacin, ina ganin ba abin da tsumagiya ba ta gyarawa. Wata Asabar na kama hannun Haliru na kai shi layin ƙarshe jikin bango, na ce nan ne wurinsa, sauran kowa ya zauna inda na nuna masa. Haliru ya zauna abinsa. Na juya ina rubutu a allo. Da na waiwayo sai na tarar tabarmin gaba fayau, ba kowa. Duk sun koma sun cushe a gefensa jikin bango kamar kaji sun ga shaho, kowa yana ƙoƙarin kada gwiwarsa ta wuce ta Baffa. Waɗanda ba su sami wuri ba suka fita waje suka zauna bayan ɗaki ƙarƙashin taga, suna amsa karatu daga can. Hedimasta ya zo wucewa, ya leƙo, ya ga ina koyar da tabarmi, ya toshe baki da hannun riga ya wuce.

Na fitar da Sambo na zane shi a gaban aji, don shi ne babba. Ya shanye bai motsa ba, da na gama ya yi mini godiya. Na tambaye shi shin bai san amsoshin ba ne. Ya ce ya sani, in na so ya faɗa mini su duka a waje. Sai ya ce, "Amma Malam, ƙaƙa zan zamna gaban Baffa? In labari ya kai gida, bugunka ya hi na babana sauƙi." Tsumagiyar ta yi mini nauyi a hannu, na ajiye ta.

Da yamma na sa babbar riga na tafi gidan. Babban wan Haliru, wanda ya gaji zauren, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo fura. Ya saurare ni har na gama, ya ce ai ilimi ba shi da babba da yaro, shi bai hana kowa wuce kowa ba. Ya aika aka kira uban Sambo, shi ma ya rantse bai hana ba. Aka tambayo cikin gida, iyaye mata suka ce su ina ruwansu da boko. Kowa bai hana ba, amma na lura ba wanda ya buɗe baki ya ce a wuce. Aka yi mini addu'a mai tsawo, aka raka ni har ƙofa, na dawo da furar da na sha kawai.

Da na rasa tudun dafawa sai na bar fushi na koma magiya. Na kira Sambo da Altine bayan an tashi na gaya musu gaskiya, cewa in Bature ya zo ya tarar da su haka, korata za a yi. Na ga jikinsu ya yi sanyi. Suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus, suka dawo suka ce in bar musu. Ban san abin da suka ƙulla ba sai bayan kwanaki, da Haliru ya biyo ni har bakin ƙofa fuska a murtuke, ya ce yana da ƙara.

"Malam, ɗiyan ga sun hana ni sakat," in ji shi. "Ko hura nika sha, sai wani ya tsaya bisa kaina shina tambayata biyat sau huɗu."

Ashe shawarar da suka yanke ita ce, tunda ba halin wuce Baffa, to sai a tura Baffa gaba. Suka raba shi a tsakaninsu. Sambo ke rako shi makaranta yana biya masa, Altine ya karɓe shi a hanyar komawa, wani ya tare shi a bakin rijiya, wani a ƙofar masallaci. Duk cikin ladabi ake yi, a durƙushe, amma ba a ɗaga masa ƙafa. Wani ma tsakuwa yake tara masa a aljihu don ƙirga. Na ba Haliru haƙuri, na ce ai babba juji ne, na shige ɗaki na yi dariya har da hawaye.

Abin ya yi aiki kuwa. Baffa ya haye sau uku, ya haye sau huɗu, maki ya fara tashi, na ajin duka yana biye da shi a baya da ɗan tazara na ladabi. In ya ci biyar, Sambo ya ci huɗu. In ya ci shida, Sambo ya ci biyar, ya zaɓi tambaya guda ya ɓata ta da gangan. Na fara samun barci. Sai dai kaka ta riga mu. An gama yankan gero Baffa yana kan sau shida, ya kafe a nan kamar jakin da ya ga ruwa.

Ran Alhamis ɗin da nake ba ku labari, muna cikin atisaye muka ji ƙarar mota. Ka'idar ita ce Bature ya fara duba tsabtar yara da ɗaki, sannan ya zauna ya ga malami yana koyarwa, daga ƙarshe ya yi wa yara tambayoyi da kansa. A wannan na ƙarshen ake ci ko a faɗi. Aka kawo masa kujera, hedimasta ya tsaya a bayansa. Tsabta lafiya, darasi lafiya. Sai ya miƙe ya tsaya gaban layin farko. Hausarsa irin ta littafi ce, a hankali yake jera ta. Ya dubi Haliru, da yake shi ne a wurin na ɗaya, ya tambaye shi huɗu sau biyar. Haliru ya ba shi. Ya tambaye shi shida sau shida, Haliru ya ɗan motsa yatsun ƙafa ya ba shi. Na ce alhamdu lillahi a zuci. Sai Mai Lofe ya ce raƙuma bakwai sun zo daga arewa, kowane yana ɗauke da mangul takwas, gishiri nawa ke nan.

Haliru ya dubi rufin ɗaki. Ya dubi yatsunsa.

Bature ya matsa ga Sambo. Yaron nan da zai iya ba shi amsar yana barci ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Altine bai sani ba. Na kusa da shi bai sani ba. Mai Lofe ya bi layi yana nunawa da yatsa, amsa ɗaya yake samu. Ya juyo ya dube ni, ya zaro fensir daga aljihu. Na dubi hedimasta, shi kuma ya sami wani abu mai ban sha'awa a bango yana kallo. Wallahi a wannan lokacin na riga na sallama, ina ta tsara yadda zan shiga gida in faɗi.

Sai na ga Haliru ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan 'yar rigarsa kamar yadda yayyensa ke yi in za su yanke magana a zaure, ya ce wa Bature, "Allah shi ba ka nasara, ni sau shida nit tsaya. Amma ɗana Sambo ya san ta." Ya waiwaya. "Sambo, na yardam maka. Hwaɗa mashi."

Mai Lofe ya dubi ɗan yaron, ya dubi ƙaton da aka kira ɗansa, ya cire lofe daga baki. Ranar na fara ganin haƙoransa. Sambo kuwa kamar an kwance ɗan maraƙi, ya ce hamsin da shida tun kafin a sake tambaya. Bature ya ƙara wata mai wuya, Sambo ya dubi Baffa, Baffa ya gyaɗa kai, amsa ta fito. Ya jefo ta rabawa, Haliru ya ce wagga ta Altine ta, Altine ya cafe. Daga nan abin ya zama kamar rabon naman layya. Bature ya yi tambaya, Haliru ya duba cikin aji ya nuna wanda ya dace da ita, don ba wanda ya kai shi sanin abin da kowa ya iya, tunda kowa ya sha tare shi da nasa. Ko ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Har labarin ƙasa ya taɓa, aka ba shi.

Da ya gaji ya koma kujera, ya ce bai taɓa ganin monita mai tsari irin wannan ba, ga shi ɗan ƙarami amma manya suna bin umarninsa. Ya tambaya wa ya naɗa shi. Na buɗe baki ban san abin da zan ce ba, sai hedimasta ya riga ni.

"Allah shi ba ka nasara, wanga Allah yan naɗa shi."

Bature ya ɗauka irin maganarmu ce ta kullum, ya gyaɗa kai ya rubuta. Daga baya na ji har a wasu makarantu yana ba da misali da ni, wai a koyi yadda nake zaɓen monita. Ban taɓa gyara masa ba. Kafin azumi En'e ta tabbatar da ni a aiki.

Saura batun zama. Ran Asabar na karanta maki ina ɗar-ɗar. Haliru ya faɗo layi na uku. Ya ɗauki allonsa da kansa ya je ya zauna, yara suka fara ja da baya kamar yadda suka saba, sai ya daka musu tsawa irin ta manya, ya ce kowa ya je inda Malam ya ce. Suka tafi suna sanɗa. Sambo ya zauna a gaba amma a karkace, rabin fuska ga allo rabi ga Baffa, haka ya yi ta zama har wuyansa ya saba. Washegari kuma wani ya zo da buzu daga gida aka shimfiɗa wa Haliru a layi na ukun, don a san ko ina ya zauna akwai bambanci. Na ga buzun, na yi kamar ban gani ba.

Ranar da aka kawo labarin tabbatar da ni, na kira shi bayan an tashi na yi masa godiya. Sannan na tambaye shi abin da ke cina, tunda kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, me ya sa ya bari muka sha wannan wahala wata da watanni. Ya ce da farko shi ya ɗauka da gaske ba su sani ba, har yana tausayinsu. Sai da suka fara biya masa ya gane saboda shi suke faɗuwa, ya yi kwanaki abinci ba ya masa daɗi. Ya murza kunne, sannan ya ce:

"Malam, ka tahi wurin hedimasta, ka tahi wurin yayana, ka bugi Sambo. Ni ba wanda yat tambaye ni."

Na yi shekaru da yawa ina koyarwa bayan wannan, na riƙe makarantu, na ga dokoki sun zo daga sama sun wuce. Abin da na riƙe daga ajin nan shi ne, yaro ba ya shigowa aji shi kaɗai, da gidansu yake shigowa, kuma kowane aji yana da nasa babba tun kafin a turo malami. In kuka ga yara masu kai sun ƙi motsi, kada ku yi saurin cewa daƙiƙai ne, kada ku yi saurin ɗauko tsumagiya. Ku nemi wanda suke jin nauyi, ko da kansa bai kai ƙugunku ba, ku rage tsawo ku tambaye shi.